Neman shawara kan wuraren ninƙaya na otal ɗin da ke haɗe da filin wasannin yara

Baban Hafsat, Ƙofar Kaura, Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin hanya. Idan Allah ya kai mu hutun makaranta na watan Disamba, ina da niyyar kai iyalina Dubai ko Abu Dhabi, kuma yaran sun dage a kan mu sauka a irin otal ɗin nan da ke haɗe da filin wasanni, saboda hotunan ruwa da na zamiya da suke gani a waya. Su uku ne, babbar tana da shekara 12, mai bi mata 8, autan kuma 4, kuma babu wanda ya iya ruwa a cikinmu, har ni da mahaifiyarsu, domin mun taso ne a garin da ake hana yaro zuwa kududdufi da bulala.

Abin da ke damuna shi ne, duk shafin otal ɗin da na buɗe sai in ga suna alfahari da yawan wuraren ninƙayarsu da tsayin abubuwan zamiyarsu, alhali ni abin da nake son sani daban ne. Shin akwai ɓangaren da yaron da bai iya ruwa ba zai tsaya da ƙafarsa? Shin masu ceto suna nan koyaushe? Wace irin sutura ake yarda uwargida da babbar 'yarmu su shiga ruwa da ita, kuma akwai wurin da mata suke keɓewa? Sannan ruwan ba zai yi wa yara sanyi a Disamba ba? Allah ya saka da alheri.

Maman Sadiƙ, Daura

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya nufe ku da zuwa lafiya. Abu na farko da ya kamata ka bambance shi ne, wurin ninƙayar otal daban yake da filin wasan ruwa da ke kusa da shi, kuma yawancin hotunan da yara suke gani na filin wasan ne. Wurin ninƙayar otal yakan kasance a tsakar harabar masauki, mutanensa ba su da yawa, ana shiga daga ɗaki da tawul a kafaɗa. Filin wasan ruwa kuwa yana da ƙofarsa da lokacin buɗewarsa da dokokinsa, kuma ba kowane otal ne yake haɗa tikitinsa a cikin kuɗin ɗaki ba, saboda haka ka tabbatar da wannan a rubuce kafin ka biya.

Otal ɗin Atlantis na Dubai, wanda aka buɗe a 2008 a tsibirin Palm Jumeirah, yana bai wa baƙinsa damar shiga filin wasan ruwansa mai suna Aquaventure ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wuri ne ƙasaitacce, amma manyan abubuwan zamiyarsa sai wanda tsayinsa ya kai mita 1.2, kuma girmansa kansa aiki ne ga iyayen da za su sa ido a kan yara uku masu shekaru daban-daban. A ganina, ga yaran da ba su iya ruwa ba, Legoland ya fi dacewa. Yana cikin rukunin wuraren shaƙatawa na Dubai Parks and Resorts a wajen Jebel Ali, an buɗe otal ɗinsa a 2022, kuma an tsara filin ruwansa ne domin yara 'yan shekara 2 zuwa 12. Akwai ɓangaren ƙanana inda ruwa ba shi da zurfi, akwai kuma wani rafi da aka gina mai tafiya a hankali, inda yaro yake zama a kan tayar roba yana tsintar tubalan wasa masu taushi da ke yawo a kan ruwa yana liƙa su a jikin tayarsa. Na ga yara masu tsoron ruwa sun saki jiki a wannan rafin, domin hankalinsu yana kan ginin da suke yi. Sai dai babbar 'yarku tana bakin iyakar shekarun wurin, mai yiwuwa ta ga wasannin sun yi mata yarinta.

Game da sutura, hankalinka ya kwanta. Ana sayar da kayan ninƙaya na mata masu rufe jiki duka, doguwar riga da wando da hular kai, waɗanda ake kira burkini, kuma an saba ganin su a can. Abin da galibi ake hanawa shi ne shiga da abaya ko zani ko mayafi mai jan ƙasa, musamman a wurin zamiya, saboda irin wannan tufa tana shan ruwa ta yi nauyi, tana kuma iya maƙalewa. Ku sayi wanda rigarsa take da igiya ko maɓallin da ke haɗa ta da wando, don kada ruwa ya ɗaga ta.

Amma sutura ba ta hana cakuɗuwa da maza, kuma na san a nan ne yawancin matanmu suke tsayawa. Filin wasan ruwa na Yas Waterworld da ke tsibirin Yas a Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2013, yakan ware lokuta na mata zalla, ma'aikatan duk mata, kuma ana hana ɗaukar hoto. Ba kowane mako na shekara ake yin hakan ba, don haka a duba jadawalinsu na kwanakin da za ku yi, a kuma tambayi shekarun da suke yarda ɗa namiji ya bi mahaifiyarsa. Shi kuwa wurin ninƙayar otal, kusan koyaushe na kowa da kowa ne, sai dai da sassafe mutane ba su cika yawa ba.

Abu Ammar, ma'aikacin jinya, Katsina

Ranka ya daɗe, Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa a kan wuraren, ni kuma zan tsaya a kan tambayarka ta masu ceto, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mu nan mun san wannan baƙin cikin, duk damina sai an ji labarin yaron da aka tsamo a kududdufi ko a madatsar ruwa. Kyawun otal da tsadarsa ba sa canza halin ruwa.

Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya kuma ɗaga hannu yana kira, domin duk ƙarfinsa yana tafiya ne wajen neman numfashi. Za a gan shi a tsaye cikin ruwa, kansa ya karkata baya, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa alhali mutane suna wasa a gefensa. Mai ceto yana lura da mutane masu yawa ne a lokaci ɗaya, kuma a otal-otal da dama yana da lokacin tashi daga aiki, ana ma kafa allo a rubuta sa'o'in da yake nan. Saboda haka autanku kada ya yi nisan da hannun babba ba zai kai gare shi ba, ko da ruwan iya gwiwa ne. Ku raba aikin tsakaninka da uwargida, a san wanda yake kan tsaro a kowane lokaci, kuma wanda ke kan tsaro ya ajiye waya. Kada a ɗora wa babbar yarinya wannan nauyi, ko da yake mun saba barin ƙane a hannun yayarsa, domin ita ma ba ta iya ruwa ba.

Robobin da ake hurawa a saƙala wa yaro a damtse kayan wasa ne, suna iya sacewa ko su zame. Abin dogaro shi ne rigar ceto mai ɗamara, daidai da nauyin yaro, kuma manyan filayen ruwa sukan bayar da aronta. A ɗaure ta, a kama kafaɗunta a ja sama. Idan ta haura kunnuwan yaro to ta yi masa yawa. Ka kuma duba lambobin zurfi da aka rubuta a bakin ruwa, domin wasu wuraren suna farawa daga iya idon sawu su gangara a hankali har su shanye babba, musamman tafkin da ake tayar wa igiyar ruwa.

Sai tsabtar ruwan. Mutane sukan ɗauka cewa ƙarfin warin kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake zuba wa ruwa, alamar tsabta ce, alhali warin yana tasowa ne idan sinadarin ya haɗu da gumi da fitsari, kuma shi ne yake sa ido ya yi ja. Ruwa mai kyau shi ne wanda za ka hangi ƙasansa sarai har a ɓangare mai zurfi. Akwai ƙwayar cutar gudawa da ake kira Cryptosporidium, wadda take rayuwa fiye da mako guda a cikin ruwan da aka sa wa kulorin daidai, shi ya sa yaron da ke gudawa ba ya shiga ruwa ko kusa. A riƙa fitar da ƙananan zuwa ban ɗaki duk bayan sa'a guda, a hana su haɗiyar ruwan, a kuma nisanta ɗan shekara 4 daga ƙaramin kwamin ruwan zafi mai ɓulɓula, domin jikin yaro yana saurin ɗaukar zafi.

Malam Na-Goggo, Ƙofar Sauri

Alhaji, ni shawarata ita ce kada a jira sai an je can. Tun da akwai sauran lokaci, a nemi otal mai wurin ninƙaya a nan gida ko a Kano, a sami wanda ya ƙware ya koya wa manyan biyun yadda ake kwanciya rigingine a kan ruwa da yadda ake kama gefen wurin ninƙayar a fita, kuma kai ma ka shiga darasin. Idan kuma keɓewar mata ita ce kan gaba a wurinku, ku duba yankin Antalya da Alanya a Turkiyya, inda akwai otal-otal masu wurin ninƙayar mata zalla a bayan dogayen katanga, ana ma karɓar waya a ƙofa. Sai dai Disamba lokacin sanyi ne a can, kuma da yawansu suna rufewa, don haka wannan tafiyar sai lokacin dogon hutu.

Baban Hafsat, Ƙofar Kaura, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun tattauna da uwargida, hankalinmu ya fi karkata ga Legoland, sannan mu ware rana ɗaya ta zuwa Yas idan ta dace da lokacin mata. Maganar darasi kuma na karɓa, Malam. Saura batun sanyi, Hajiya, domin autan yana yawan mura da hunturu.

Maman Sadiƙ, Daura

Alhaji, a Disamba zafin rana a Dubai yakan kai wajen digiri 25, da dare kuma ya sauka sosai, kusan kamar farkon hunturunmu ba tare da hazo ba. Manyan otal-otal da filayen ruwa sukan ɗumama ruwansu a wannan lokaci, su kuma sanyaya shi da bazara, amma ka rubuta musu ka tambaya ko ɓangaren ƙananan yara yana cikin wanda ake ɗumamawa. Sanyin yana kama yaro ne idan ya fito iska ta buge shi, saboda haka ku shiga daga hantsi zuwa la'asar, ku riƙe busasshen tawul na biyu da rigar sanyi a jaka, kuma da zarar kun ga leɓensa ya canza launi ko yana karkarwa a fitar da shi a sauya masa kaya. A cikin saƙon da za ka aika, ka haɗa da tambayar zurfin wurin yara da sa'o'in masu ceto, ka kuma auna tsayin kowane yaro ba takalmi kafin ku tashi, domin da shi ma'aikata suke aiki a bakin kowace zamiya.