Na yi ritaya, ina son taimaka wa gidan kula da dabbobi, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ajiye aiki, zaman gida kuma ya fara isata. Akwai wani gida da ake tara kuliyoyi da karnukan da aka yasar ko mota ta buge, ana jinyarsu har a sama musu mai riƙo. Raina ya kwanta da wurin. Ina so in riƙa taya su aiki, in kuma ware wani abu daga fanshona duk wata. Sai dai gwiwoyina ba kamar da ba, ga 'ya'yana na cewa mutane na fama da yunwa ni zan kashe kuɗi kan dabbobi. Ku ba ni shawara.

Wani likitan dabbobi: Wa alaikumus salam Baba. Kafin ka taɓa ko da kyanwa ɗaya, je asibiti a duba allurarka ta tetanus, ka tambayi rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da shi daga kare suke samunsa, kuma da zarar alamu sun bayyana da wuya a tsira. In an cije ka ko an yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ka tafi asibiti a ranar.

Wata mai aikin sa kai: Baba, gwiwa ba za ta hana ka ba. Bar wa matasa jan manyan karnuka da wankin keji. 'Yan kyanwar da suka rasa uwa, a makonninsu na farko, sai an ba su madara duk awa 2 zuwa 3, kuma tasu ce ta musamman, nonon saniya zawo yake sa su. A zaune ake wannan aikin, kullum kuma hannu ake nema. Haka zama kusa da dabbar da ta sha duka har ta sake amincewa da mutum. Wannan haƙurin dattijo yake so. Ka zaɓi rana ɗaya a mako ka riƙe ta, don su san da kai a lissafinsu.

Wani tsohon akanta: Kaɗan duk wata ya fi musu amfani a kan mai yawa sau ɗaya, domin abinci da magani ba sa jira. Amma ka nemi ganin rajistarsu da yadda suke kashe kuɗi tukuna. Ni dai da nawa ne, fiɗiya zan biya wa, wato aikin hana dabbobin haihuwa: kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin kuma kimanin wata 2 ne kacal. Kada ka taɓa kuɗin maganinka.

Wata malama: Yaya, 'ya'yanka ba su yi ƙarya ba, amma ɗaya ba ta hana ɗaya. Zakka ta mutane ce, wannan sadaka ce. Ya tabbata a hadisi an gafarta wa mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa, wata kuma ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure. Ka nuna musu kason mabukata bai ragu ba, ka tafi da su wurin su gani da idonsu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Likita, sai na gama allurar zan fara zuwa, ko zan iya taimaka musu da rajista kafin nan?

Likitan dabbobi: Fara da rajistar Baba, ba komai. Taɓa dabbobin ne zai jira.