Manhajar Nextcloud ta ƙi shigar da ma'aikatanmu, alhali ta burauza ana shiga lafiya

Abban Khalifa, Titin Zoo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa masana, ina neman taimakonku a kan wata matsala da yau kwana uku ke nan ta tsayar mana da aiki. Ni nake kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine mai ma'aikata takwas, kuma tun bara muka daina yawo da fayiloli a filasha, muka kafa Nextcloud, wato manhajar ajiye fayiloli da raba su tsakanin ma'aikata, a kan wata kwamfuta mai tsarin Ubuntu da ke cikin ofishin. Muna shiga ta lambarta ta cikin gida, ba mu taɓa samun cikas ba.

Makon jiya maigidanmu ya ce yana son ya riƙa buɗe zane daga wurin gini, ba sai ya dawo ofis ba. Da yake intanet ɗinmu na layin waya ne, ba mu da lambar IP tamu ta kanmu da za a same mu da ita daga waje, sai na kama hayar wata ƙaramar saba (kwamfutar da ake shiga ta intanet) a Turai, na ɗora mata Nginx, manhajar da ke karɓar masu shigowa ta miƙa su gaba, na haɗa ta da ta ofis ta hanyar WireGuard, wato wani rufaffen ramin sadarwa tsakanin kwamfutocin biyu. Satifiket ɗin Let's Encrypt, wato shaidar da ke tabbatar wa mai shigowa cewa shafin namu ne, yana kan ta wajen. Ita ke karɓar mai shigowa ta https, wato rufaffiyar hanya, sannan ta miƙa shi cikin gida ta http, wadda ba a rufe take ba. Na kuma saka sabon sunan da ake shiga da shi daga waje a cikin trusted_domains, jerin sunayen da Nextcloud ta yarda a shigo mata da su.

Ta burauza kowa yana shiga. Amma idan aka ba manhajar Nextcloud ta kwamfuta sabon adireshin, sai ta buɗe burauza, mutum ya rubuta kalmar sirrinsa, ya danna wurin ba da izini, daga nan sai manhajar ta ce adireshin da aka ba ta bai fara da https ba, don haka ba za ta ci gaba ba. Na canza wa mutum uku kalmar sirri har sau biyu ban ga bambanci ba. Tun jiya kuma ko ta burauzar ma sai an daɗe ana jira, wani lokacin a ce buƙatu sun yi yawa. Kwamfutar akawunmu ita kuma nata daban ne, cewa take satifiket ɗin ba ingantacce ba ne. Ina zan fara dubawa?

Injiniya Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam. Malam Abban Khalifa, ka yi bayani yadda ya kamata, shi ya sa amsar ba za ta yi wuya ba. Abu na farko, ka dakatar da canza kalmomin sirri, domin ba a nan ciwon yake ba, hasali ma canjin yana ƙara dagula lamarin.

Manhajar kwamfuta ba ta karɓar kalmar sirrinka kai tsaye. Abin da take yi shi ne ta nemi sabar ta ba ta adireshi biyu: ɗaya wanda za ta buɗe maka a burauza, ɗaya kuma wanda za ta riƙa leƙawa tana tambaya ko ka ba da izini. Idan ka ba da izinin, sai sabar ta yanka mata wata kalmar sirri ta musamman wadda ta wannan na'urar ce kaɗai. To, Nextcloud ce ke rubuta waɗannan adireshin da kanta, gwargwadon yadda ta ga an shigo mata. A tsarin da ka yi, https yana ƙarewa ne a sabar Turai, abin da ke isowa Titin Zoo http ne zalla, saboda haka ita a ganinta gidanta na http ne, kuma haka take rubutawa. Manhajar kuwa ta fara magana ta amintacciyar hanya, sai aka ce ta koma karɓar sirri ta hanyar da ba a rufe ba, ta ƙi. A wurina wannan ƙin daidai ne, kuma da ta yarda da na daina amincewa da ita.

Gyaran yana cikin config.php, fayil ɗin saitin Nextcloud. Ka saka overwriteprotocol ya zama https, ka saka cikakken sabon adireshin a overwrite.cli.url, sannan, wanda ya fi kowanne muhimmanci, ka rubuta lambar da sabar Turai take amfani da ita a cikin ramin WireGuard a ƙarƙashin trusted_proxies, wato jerin 'yan tsakanin da Nextcloud ta amince da su. A ɓangaren Nginx kuma ka tabbatar yana tura Host da X-Forwarded-For da X-Forwarded-Proto, wato bayanan da ke nuna sunan da aka nema, da lambar mai shigowa ta asali, da hanyar da ya biyo.

Jinkirin da kake gani tun jiya daga wannan trusted_proxies ɗin ya samo asali. Nextcloud tana da kariya daga masu cankar kalmar sirri: duk lambar IP da aka yi ta kuskure daga gare ta, sai ta riƙa jinkirta mata amsa, har ya kai daƙiƙa 25, idan abin ya yi yawa ta mayar da lamba 429, wato buƙatu sun yi yawa. Tunda ba ka gabatar mata da ɗan tsakanin ba, ku takwas ɗin nan da duk wani ɓarawon intanet da ke gwada ƙofarku mutum ɗaya take ganinku, da lamba ɗaya. Laifin wani sai ya shafi kowa. Ga kuma wayoyin waɗanda ka canza wa kalmar sirri, in akwai mai riƙe da tsohuwar, tana nan tana ta ƙwanƙwasawa ana ƙirga mata kuskure. Ka buɗe kundin nextcloud.log ka duba remoteAddr, wato lambar mai shigowa, a layukan da aka kasa shiga. Ina kyautata zaton lamba ɗaya za ka gani tun daga sama har ƙasa. Bayan ka yi gyaran, sai ka wanke wannan lambar da umarnin occ security:bruteforce:reset, kana gudanar da shi da sunan www-data, wato asusun da Nextcloud ke aiki da shi a sabar ofis.

Maman Ilham, Kabuga

Sannunku da ƙoƙari. Ni a kan kwamfutar akawun kawai zan yi magana, domin na sha ganin irinta a makarantar da nake aiki. Kafin ka taɓa komai, ka dubi kwanan watan da ke kusurwar allonta. Muna da wata tsohuwar kwamfutar tebur da duk ranar da aka ɗauke wuta ta kwana a kashe, da safe sai mu tarar agogonta ya koma shekarun baya, saboda ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikinta, CR2032, ya mutu. Satifiket ɗin Let's Encrypt na kwana 90 ne, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, naka kuma makon jiya aka yanke shi, saboda haka kwamfutar da take zaton tana bara za ta ce lokacinsa bai yi ba tukuna. Batirin ana samunsa a Beirut Road, kuma canza shi bai fi aikin minti biyar ba.

Roƙona ɗaya ne: idan manhajar ta tambaya ko a amince da satifiket ɗin duk da haka, kada ka bari akawun ya saba da danna amincewa. Wanda ya saba da hakan, ranar da aka kawo masa na jabu ma dannawa zai yi, ga shi kuwa takardun kuɗin ofis a hannunsa suke.

Sadiku Hotoro

Yaya Abban Khalifa, ni da na shiga irin wannan, kashe kariyar nan na yi gaba ɗaya a config.php, nan take jinkirin ya tafi. Ko za ka gwada hakan kafin ka gama sauran gyaran?

Injiniya Ɗan Fagge

Ƙanena Sadiku, jinkirin zai tafi kam, amma ban goyi bayan wannan shawarar ba, kuma ina roƙonka kai ma ka mayar da taka. Lokacin da sabar tana cikin ofis kawai, da sauƙi. Yanzu da ta fito fili, akwai na'urorin da dare da rana aikinsu ke nan, gwada kalmomin sirri a duk ƙofar da suka samu. Idan maigidan yana gaggawar wani fayil a yau, ya sauke shi ta burauza kafin a kammala.

Abban Khalifa, Titin Zoo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Injiniya, yadda ka faɗa haka na tarar: lamba ɗaya ce ta cika kundin, ta ramin WireGuard. Na saka layukan uku, na wanke lambar, na cire tsohon asusun daga manhajar kowa na sake haɗawa, na nuna mata tsohuwar foldar don kada ta sake sauke zanen daga farko ta cinye mana data. Bayan sallar La'asar duk kwamfutoci bakwai sun nuna koren alama. Hajiya Maman Ilham, ta takwas ɗin kuwa agogonta ne, na gyara shi da hannu ta shiga, gobe in Allah ya yarda zan sayo batirin.

Saura abu ɗaya. Yanzu idan na rubuta tsohuwar lambar cikin gida a burauza, sai ta juya ni zuwa https, shafin kuma ya ƙi buɗewa. Ina buƙatar wannan hanyar saboda ranar da intanet ya yanke.

Injiniya Ɗan Fagge

Madalla. Wannan aikin overwriteprotocol ne, domin yanzu kowa take tilasta wa https, har wanda ya shigo daga ɗaki na kusa. Ka ƙara overwritecondaddr, ka ba shi lambar sabar Turai ta cikin ramin, sai tilastawar ta tsaya a kan waɗanda suka biyo ta can kaɗai. Ka lura ana rubuta lambar ne da salon regex, wato idan 10.0.0.1 ce, sai ka rubuta ^10\.0\.0\.1$. Amma manhajojin da ka haɗa da sabon sunan za su ci gaba da zagayawa ta Turai ko da mutum yana zaune kusa da sabar, kuma za su tsaya idan layin ya yanke. Maganin hakan shi ne rautar ofis ta riƙa fassara sunan zuwa lambar cikin gida, a kuma ajiye satifiket a sabar ofis ɗin ita ma. Ka faɗa mini irin rautar da kuke amfani da ita, sai mu ga ko tana iya wannan.