Wa ya taɓa ganin ƙ ta koma Æ™ a rumbun bayanai?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa kan haruffanmu masu ƙugiya in sun shiga rumbun bayanai. Wata Islamiyya a unguwarmu ta kira ni kan manhajar sakamakon ɗalibai, da yaren PHP aka rubuta ta, rumbun bayananta kuma MySQL ne. A shafin manhajar komai na fitowa tsaf. Amma da na leƙa teburin ta phpMyAdmin, shafin da ake duba cikin rumbun kai tsaye, sai ga "ɗalibi" ya zama É—alibi, "ƙwazo" ya zama Æ™wazo, sunan Ɗanjuma kuwa ÆŠanjuma. Hedimasta na son a kwashe bayanan zuwa sabuwar saba, wato kwamfutar da ke riƙe rumbun, kafin a dawo hutu. Ban taɓa komai ba tukuna.

Tsohon hannu, Bukur:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gara da ba ka taɓa ba. Wannan ciwon na sha ganinsa, kuma galibi laifin ba na teburin ba ne, na layin da ke tsakanin manhaja da saba ne. Kwamfuta da lambobi take adana haruffa, ana ce musu baiti, a tsarin UTF-8 kuma harafin ƙ baiti biyu ne, C6 da 99. Manhajar ta aika su daidai, amma ba ta gaya wa saba da wane tsari take magana ba, ita kuma MySQL har zuwa 5.7 da tsarin latin1 mai baiti ɗaya ga kowane harafi take zuwa, sai a 8.0 ta 2018 aka mayar da utf8mb4, cikakken UTF-8 ɗinta. To a latin1 ɗin MySQL, wanda a gaskiya Windows-1252 ne, C6 shi ne Æ, 99 kuma ™. Sabar ta ɗauka haruffa biyu ka ba ta. In manhajar ta zo karɓa ta wannan gurguwar hanyar, sai baitocin su dawo yadda suka tafi, shi ya sa shafin ke fitowa lafiya shekara da shekaru ba wanda ya farga.

Ido ba ya raba wannan gardama. Ka nemi HEX() na gurbin, shi zai nuna maka ainihin baitocin da aka adana. In ka ga C699 a tebur mai latin1, bayanan lafiyarsu ƙalau, lakabin ne ƙarya: mayar da gurbin BLOB, wato tsurar baitoci marasa lakabi, sannan ka mayar da shi utf8mb4. In ka ga C386E284A2, an juya rubutun sau biyu, sai an warware shi da CONVERT(BINARY CONVERT(gurbi USING latin1) USING utf8mb4). In kuwa 3F ka gani, alamar tambaya ce aka adana da gaske, harafin ya riga ya tafi, sai dai a koma rajistar takarda.

Mai shago a Terminus:
Baba ya faɗi gaskiya kan 3F. Ni alamar naira ce ta ba ni wahala a manhajar wata ƙungiyar adashin 'yan kasuwa. Rasit na fita da ?25,000, wani mai kayan miya ya ce shi bai yarda da takardar da ita kanta take tambayar kuɗin ba. Da na duba, a tebur ₦ na nan daram, E282A6. Wajen fitowa ne sabar ke juya ta zuwa latin1, ta rasa makwafinta, ta dasa alamar tambaya. Layi ɗaya na ƙara, mysqli_set_charset da utf8mb4, shi ke nan.

Malamar Rikkos:
Malam mai shago, ka yi sa'a naka a fitowa ne kawai. Amma ina jan kunnen Ɗan Gangare kada ya kwafi wannan layin ya tafi. Na gaji wata manhaja ta ƙaramin asibiti inda wani ya saka SET NAMES utf8mb4 a tsakiyar tafiya bai gyara tsofaffin bayanai ba. Teburi ɗaya, rabi gurɓatacce, rabi lafiyayye. Wanda ya zo bayansa ya sakar wa teburin duka wancan CONVERT ɗin da Baba ya kawo. Tsofaffin layuka suka warke, sababbin kuma, da ƙ ɗinsu ta gaskiya, aka tura su latin1 suka koma alamar tambaya. Allah ya taimaka akwai kwafin daren jiya. Abin da muka yi shi ne ware layukan da HEX ɗinsu ke ɗauke da C386 ko C389, wato Æ da É, muka gyara su kaɗai, muka bi sauran da ido.

Wani abu kuma: utf8 na MySQL baiti uku kawai yake ɗauka. Haruffanmu da na ajami suna shiga, amma emoji baiti huɗu ne. A tsohuwar sabar nan, in ma'aikaciya ta sa emoji a tsakiyar bayani, duk abin da ya biyo baya yanke shi ake yi ba sallama. Tun 2010 aka kawo utf8mb4, har yau ina ganin masu zaɓar utf8 don sunan ya fi gajarta.

Ɗalibi daga Farin Gada:
Ni PostgreSQL, wata manhajar rumbu daban da MySQL, nake amfani da ita a aikin kammala karatuna. A psql na Windows, inda ake buga mata umarni, na nemi wani layi sai ta ƙi, ta ce baitocin 0xc6 0x99 na UTF8 ba su da makwafi a WIN1252. Na ji haushi da farko. Na buga chcp 65001, lambar UTF-8 ke nan a Windows, kafin buɗe psql, sannan \encoding UTF8, ta fito. Wani abokina ya ce in sake gina rumbun da SQL_ASCII don ta daina ƙorafi. Ya kuke gani?

Tsohon hannu, Bukur:
Kul, yaro. SQL_ASCII na nufin sabar ta cire hannunta, ba ta juyawa, ba ta dubawa, duk abin da aka zuba mata haɗiyewa take. Kamar mai gadin da ya daina tambayar masu shiga ne. Ni na fi son sabar da za ta tsaya ta ce ba ta iya ba a kan wadda za ta yi shiru ta rubuta 3F.

Hajiya mai buga takardu, Dilimi:
Ni ba mai rubuta manhaja ba ce, amma fayil ɗin CSV da kuke turo mana shi ma yana da nasa. In na danna shi sau biyu ya buɗe a Excel, É— ɗin nan nake gani ko da rumbunku lafiya yake. Sai na shigo da shi ta ɓangaren Data na zaɓi 65001. Kuma don Allah ku daina cewa mu rubuta k' da d' a madadin. Mun gwada, wata manhajar da ta ga alamar nan a cikin suna tsayawa take cak.

Malamar Rikkos:
Hajiya, wannan tsayawar ma alama ce cewa mai manhajar yana liƙa rubutun mutane kai tsaye cikin umarnin SQL, ƙofa ce a buɗe ga ɓarayi, ki gaya masa. Ɗan Gangare, saura batun kwashewa. In da mysqldump, umarnin juye rumbun MySQL cikin fayil, za ka yi a Windows PowerShell, kada ka yi amfani da alamar >, tsohuwar PowerShell na mayar da fayil ɗin UTF-16, sabuwar sabar ba za ta karanta ba. Sa --result-file. Sannan ka buɗe fayil ɗin a Notepad++ ka nemi "ɗalibi" da ƙugiyarsa kafin ka loda, kuma ka bar tsohuwar sabar a kunne har a buga sakamakon zangon farko.