Neman kalma: me za mu kira "algorithm" ga 'yan aji huɗu?

Malamar Aji Huɗu: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan fara darasin "algorithm" da 'yan aji huɗu na firamare, kuma gobe takardar aikin za ta tafi fotokofi. Ina son kalmar da ɗan shekara 9 zai riƙe. Na sa "dabara", amma ba ta kwanta mini ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malama. Cire dabara, yaro zai ɗauka wayo ake nufi. Abin umarni ne a jere, kowanne ba harshen damo, kuma dole ya kai ƙarshe. Ki sa "jerin matakai".

Malamin Kwamfuta: Na goyi baya, don ta dace da wasan tsakar aji. A zana gidaje 5 sau 5 da alli a ƙasa, yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi, umarni uku kacal: taku ɗaya gaba, juya dama, juya hagu. Wuri biyu suke tuntuɓe. Suna haɗa juyawa da takawa, alhali juyawa a tsaye ake yi, ba a barin gida. Sannan in mutum-mutumin ya fuskanto su, damarsa ta koma hagunsu. Maganinsa mai ba da umarni ya tsaya a bayansa.

Baba Malam: 'Ya'yana, muna da kalma. Daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ta fito, masanin lissafin Bagadaza a ƙarni na 9, wanda kalmar aljabara ma daga littafinsa take. Larabawa na cewa khawarizmiyya. Mu ce "hawarizmiyya".

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba. Gaɓa biyar ce, kuma ba ta gaya wa yaro abin da zai yi.

Baba Malam: Alƙalami da littafi daga ina muka aro su? In aron Turanci ne ku ce ci gaba, in na Larabci ne ku ce nauyi.

Ɗan Maradi: Baba, ba raini ba ne. Mu nan da Faransanci kusan kalmar guda ce, yaro zai gamu da ita a gaba. Ni "algoridim" zan rubuta, kamar yadda muka yi da kwamfuta.

Baba Malam: Haka muka rasa "na'ura mai ƙwaƙwalwa".

Malamin Kwamfuta: Mu koma aji. A Scratch, manhajar koya wa yara shirya kwamfuta inda wata mage ke bin umarni a kan allo, zana murabba'i: sauke alƙalami, sannan maimaita sau 4, taku 100, juya digiri 90. In suka manta sauke alƙalami, magen za ta zagaya ba zane. In aka zo alwatika sai su sa 60, abin ya ƙi rufewa, domin juyawar waje ake so, wato 360 raba 3, digiri 120. Malama za ta iya cewa "duba matakanka, wanne ya ɓace?" Wannan tambayar da jerin matakai kaɗai take fita.

Injiniya: Gyara ɗaya: "jeri" bai ɗauki maimaitawa da sharaɗi (in kaza ya faru, a yi kaza) ba. In an kai can, "tsarin matakai" ya fi.

Malamar Aji Huɗu: Na gode. Kan takarda "jerin matakai", a ƙasa layi ɗaya da ke ba su kalmar Turancin da sunan al-Khwarizmi. Maganar "tsari" sai zango na gaba.

Baba Malam: To, tunda sunan malamin ya shiga. Amma ban janye tawa ba.