Ranar da mutum ya yanke jiki ya faɗi a gabanku, me kuka yi?

Mai shagon atamfa, Kantin Kwari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana tara da rasuwar maƙwabcin shagona, kuma har yanzu in na rufe ido shi nake gani. Bayan azahar ne, yana auna wa wata mata yadi, sai ya saki almakashi ya sulale. Nan take layin ya cika. Wani ya fasa masa ruwan leda a fuska, wani yana fifita da kwali, wani yana cigiyar cokali, ni kuwa na tallafo kansa ina laƙƙana masa kalmar shahada. Yana jan wani irin numfashi jefi-jefi, kamar minshari, sai muka ce ai da sauransa, a yi asibiti. Kafin mu fito da shi daga lungu, mu tare adaidaita, mu kutsa cikin cunkoso, an haura rabin awa. Likita ya duba ya ce rai ya yi halinsa. Sai ya tambaye mu ko akwai wanda ya danna masa ƙirji. Muka kalli juna. Mun fi mutum talatin a kansa.

Ba jayayya nake da ƙaddara ba. So nake wanda ya taɓa shiga irin wannan halin ya faɗa mana abin da ya yi da abin da ya biyo baya, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Malamar jinya, sashen agajin gaggawa:

Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Shekarata 14 a wannan aikin, kuma in ka tambaye ni yadda ake kawo mana irinsa, kalma ɗaya ce: a jiƙe. Sharkaf da ruwa, wani da warin albasa a hanci, wani an ɗura masa madara. An yi masa komai sai abu ɗaya da zai amfane shi.

Minsharin nan da ka ji, shi ne yake yaudarar mutane. Ba numfashi ba ne. Kakari ne da jiki yake yi a mintunan farko bayan zuciya ta daina harba jini, kuma alama ce ta a fara dannawa yanzu-yanzu. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in jini bai kai mata ba. Ka lissafa daga Kwari zuwa asibitin Murtala, da yake nan kusa ma, da rana tsaka. Ba adaidaitar da za ta riga waɗannan mintunan.

Ga abin da nake koya wa ƙannena a gida. Ka bubbuga kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kuma ƙirjinsa ba ya hawa da sauka yadda aka saba, ka nuna mutum ɗaya ka ce kai, kira lambar gaggawa 112 ka nemo mota. In ka ce "a kira", kowa zai zaci wani ya kira. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, gwiwar hannu a miƙe, ka danna da nauyin jikinka. Zurfin santimita 5 zuwa 6, kai da kake riƙe da tef kullum ka san inci biyu. Saurin kuwa sau 100 zuwa 120 a minti, kusan biyu a kowane sakan, kana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Wanda ya koya yana yin 30 ya hura iska sau 2. Wanda bai koya ba, ko yake ƙyanƙyamin baki, ya ci gaba da dannawa kawai, wannan ma CPR ce, wato agajin farfaɗo da zuciya da numfashi.

Direban adaidaita, Kurna:

Sista, mu ne muke ɗaukarsu, don haka bari in faɗi tawa. Na ɗauki irin wannan ya kai sau huɗu. A bayan adaidaita mutum a zaune yake, 'yan uwa biyu sun matse shi, kansa yana lilo. Ina wurin danna ƙirji? Sau ɗaya a titin Katsina na ɗauko wani dattijo, ashe fasinjan da na sauke saboda su ɗalibin likita ne. Ya leƙo ya ce a sauko da shi ƙasa. 'Ya'yan suka yo kansa da faɗa, wai zai ɓata musu lokaci. Ni ma a raina na ce yaron nan ya cika shisshigi. Muka tafi muka bar shi tsaye a bakin titi. Kafin mu kai Fagge dattijon ya yi sanyi. Yau da na karanta bayaninki na gane abin da yaron yake nufi.

Amma a faɗi gaskiya, da yawanmu tsoro muke ji. Ka taɓa mutum ya mutu a hannunka, a wayi gari kai ake tambaya a caji ofis.

Ɗan agaji, Gwammaja:

Ni na yi, kuma ba zan ɓoye muku yadda abin yake ba. An koya mana a sansanin horo da wani mutum-mutumin roba. Roba ba ta da 'ya'ya, ba ta da haƙarƙari. Ranar wata Juma'a ana cikin huɗuba wani bawan Allah ya kife a sahun waje. Na duba, ba ya amsawa, ba numfashi. Na ɗage babbar rigarsa na fara. A dannawa ta goma sha wani abu na ji ƙas a ƙarƙashin hannuna. Wallahi saura kaɗan in saki. Sai na tuna mai horar da mu ya ce haƙarƙari yakan karye, kuma karaya tana ɗoruwa. Ɗansa ya ci kwalata yana cewa zan ƙarasa masa uba, sai da abokan aikina biyu suka riƙe shi.

Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne gajiya. Minti biyu kawai, hannuna ya fara rawa, gumi yana shiga idona, ga ranar Kano. Shi ya sa ake cewa a riƙa karɓa-karɓa duk minti biyu. Mu uku muka yi ta juyawa har aka samo motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, muka shimfiɗa shi muka ci gaba har ƙofar asibiti. Bai tashi ba. Na yi mako ina tuhumar kaina, har wani likita ya ce mini yawancin waɗanda zuciyarsu ta tsaya a waje ba sa tashi ko da an yi komai daidai, dannawa dama ce kawai ake buɗe musu. Ɗan nan da ya ci kwalata, shi ya aiko mini da waina ranar sadakar uku.

Wani dattijo, Yakasai:

Yara, ina jinku. Amma ni abin da yake damuna, mutum yana gargara, lokacin da ya fi buƙatar a tuna masa Allah, ku kuma kun haye ƙirjinsa kuna karya shi. Mu da muka taso ba mu ga haka ba. Sannan in mace ce ta faɗi fa? Ƙato zai sa hannu a ƙirjin matar mutane a tsakiyar kasuwa?

Malamin Islamiyya, Sharaɗa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Hannu yana aiki, baki yana salati, ɗaya bai hana ɗaya ba. Riƙo da sababi ba ya karo da ƙaddara, in ba haka ba da ba mu kai kowa asibiti ba. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. Batun mace kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa larura tana halatta abin da aka hana. In akwai macen da ta iya, ita ta yi. In babu, namiji ya yi, mata su kewaye da mayafansu. Na ga an bar wata baiwar Allah kwance a tashar mota, maza sun yi cirko-cirko ana jiran a samo muharraminta. Ban iya komai ba a lokacin, ni ma cikin masu tsayuwar nake.

Uwar yara huɗu, Ɗorayi:

Tawa da yaro ce. Autana yana da shekara ɗaya da rabi, na bar bahon wanki a tsakar gida na shiga sauke tukunya. Na fito na tarar da ƙafafunsa a sama. Na zaro shi, leɓɓansa sun yi shuɗi, jiki ya saki. Na ƙwalla ƙara. Kishiyar maƙwabciyata ta riƙe shi ta ƙafa tana jijjigawa wai ruwa ya fito. Sai ga 'yar mai gidanmu da take makarantar koyon jinya, ta fizge shi ta kwantar a kan siminti, ta ɗan ɗaga haɓarsa, ta hura masa iska, ta shiga danna ƙirjinsa da hannu ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi. Ta yi ta yi, dannawa da hurawa. Ni dai ina durƙushe ina Innalillahi. Can sai ya yi tari, ya amayo, ya saki wani siririn kuka. Ta juya shi gefe ta ce duk da haka sai an je asibiti. Mun kwana uku a can. Yanzu yana aji biyu, ya fi kowa rashin ji.

Daga baya ta ce mini wanda ruwa ya ci, iska ce ta ƙare masa tun farko, shi ya sa hurawa take da muhimmanci a kansa da kuma kan yara. Zazzage shi ɓata lokaci ne. Ku da kuke kusa da kududdufi ku riƙe wannan.

Mai gidan kallon ƙwallo, Fagge:

Ranar 12 ga Yuni 2021 gidana cike yake, Denmak da Finlan, muka ga Christian Eriksen ya faɗi ba wanda ya taɓa shi. A filin aka danna masa ƙirji, aka jona masa na'urar da take girgiza zuciya, ya dawo, har ya buga gasar cin kofin duniya a Ƙatar a 2022. Wani dattijo da yake zaune a gaba ya ce mana yana jin rediyo ranar da ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin Surulere, Agustan 1989, ana wasa da Angola, bai tashi ba. Tambayata, wannan na'urar sai likita ne yake taɓa ta? Mu da muke tara yara a filin unguwa kullum yamma ba mu da ko akwatin bandeji.

Malamar jinya:

Sunanta AED, kuma don gama-garin mutane aka ƙera ta. Kana kunnawa za ta yi maka magana, ka manna faifai biyu a ƙirji, ita za ta auna bugun ta yanke ko a saki wuta ko kar a saki. Dannawa tana riƙe ƙwaƙwalwa ne, na'urar ce take iya mayar da bugun kan hanya. Ƙungiyar 'yan kasuwar da take iya sayen janareta tana iya sayen guda ɗaya.

Sai gargaɗi, don na san halinmu. Ba duk wanda ya faɗi ake hayewa ba. Mai suma da yake numfashi daidai, a juya shi gefe a ba shi iska. Mai farfaɗiya, a janye abin da zai ji masa ciwo, kar a sa masa cokali, ba ya haɗiye harshe. Kar a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai. Malam direba kuma, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ka karɓi lambar mutum biyu da suka ga faɗuwar, su ne shaidunka. Karatu a waya bai isa ba, sai hannu ya taɓa roba ya ji nauyin abin. Red Cross da ƙungiyoyin 'yan agaji suna koyarwa.

Mai shagon atamfa:

Na gode muku duka. Baba, ni ma da farko irin tunaninka na yi. Na samu shugaban layinmu, ya ce in dai za a zo da robar, zai tara yaran shaguna da 'yan dako ranar Lahadi da safe kafin kasuwa ta cika. Ɗan agaji, ka tambayo mana mutanenku nawa ne kuɗin motarsu. Sista, layin namu ƙasa ce da kwalbati, tabarma ta isa ko sai mun nemo katako?