Maganin toshe yoyon mota: gyara ne ko jinkirta gyara?

Baban Hamza, Makka: Assalamu alaikum. Camry ɗina ta fara ɗigar da baƙin mai ta tsakanin inji da giya, bakanike kuma ya ce sil ɗin bayan inji ne, wato zoben robar da ke hana mai fita, ba a kai wa gare shi sai an sauke giya. Maƙwabcina ya ce in zuba maganin toshe yoyo, ga shi wa'adin fahas ɗina, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya ƙarato. Shin da gaske maganin yana aiki?

Alhaji mai Hiace: Wa alaikumus salam. Yana aiki, domin na gwada shi a motar da nake jigila da ita tsakanin Makka da Jidda. Bayan kamar mako biyu ɗigon ya tsaya, kuma har yau ban sake ganin tabon mai a ƙofar gidana ba.

Mu'allim, mai gareji a Sana'iyya (unguwar masu gyaran mota), Jidda: Alhaji, da girmanka, sa'a ka taka. Abin da ya fi zuwa hannuna shi ne lagireton da aka cika wa ciki da irin wannan magani, ƙananan hanyoyin ruwansa suka toshe, motar ta ɗauki zafi a hawan dutsen Hada kafin ta isa Ɗa'ifa. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 45, duk abin da zai rage gudun ruwa a lagireto abokin gaba ne.

Injiniya: Mu'allim, ina ganin kai da Alhaji ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Wanda ake zubawa a baƙin mai ba ya cike rami. Sinadari ne da roba ke sha, sai ta yi laushi ta ɗan kumbura, ta sake kama ƙarfen da ta saki. Saboda haka yana iya taimakon sil ɗin da zafi da tsufa suka busar, amma ba shi da abin yi wa wanda ya yage, ko wanda ƙarfen da ke juyawa a cikinsa ya ci har ya yi zurfi. Na lagireto kuwa ɓarɓashi ne da zare-zare masu taruwa a bakin huda, kuma shi ne ke jawo toshewar da ka ambata, musamman idan an zuba fiye da ƙima.

Mu'allim: Na karɓi wannan bambancin. To, na gaskit ɗin kan inji fa? Da yawansu wani sinadari ne mai suna sodiyam silikat, kuma da shi gwamnatin Amurka ta sa aka kashe injinan tsofaffin motocin da aka karɓa daga jama'a a 2009.

Injiniya: Haka ne, sai dai a lokacin juye mai aka yi aka zuba shi a madadinsa da gangan, aka tayar da inji har ya ƙame. A cikin ruwan sanyaya yana daskarewa ne a wurin da zafi ya fi tsanani, wato bakin tsagar. Duk da haka ba na musun cewa idan kan injin ya lanƙwashe, babu makawa sai an kwance shi an kai wurin gogewa.

Alhaji mai Hiace: Ku masu gareji kullum kwancewa kuke so. Mai tsohuwar motar da kuɗin gyaranta ya kusa kai rabin darajarta, idan magani ya ba shi shekara guda, ai bai yi asara ba.

Mu'allim: Ban ƙi ba, Alhaji, muddin ya san aro ya ci. Baban Hamza, kafin ka sayi komai, a wanke injin tas, ka yi kwana biyu kana hawa, sannan a duba daga sama. Sau da yawa gaskit ɗin murfin bawul ne ke tsiyaya, man ya gangara ƙasa, a ɗora wa sil ɗin baya laifi, alhali canza shi ba ya buƙatar sauke giya. A kuma duba bawul ɗin numfashin inji, domin idan ya toshe, iskar da ta taru a ciki kan tura mai waje ko da sil sabo ne.

Baban Hamza: Na gode. Gobe bayan La'asar zan kai ta wanki, in sha Allah.