Maki 204 da Takardar Ɗan Jiha: Auta Zai Samu Likitanci?

Kawu: Assalamu alaikum. Na ji an ce Auta ya samu 204 a JAMB, har uwarsa ta kasa cin abinci. Ku kwantar da hankalinku. Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, ya zaɓa a fom ɗinsa, ɗan Kaduna ne gaba da baya, takardar ƙaramar hukumarsa tana hannu. Ɗan jiha ba ya rasa gurbi a jami'ar jiharsa. Don wa aka gina ta a 2004?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam, Kawu. Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ku ba. An gina ta don 'yan Kaduna, to ai ƙananan hukumomi 23 gare mu. Yaron Kafanchan da na Birnin Gwari da na Soba duk takarda ɗaya suke riƙe da irin ta Auta. Abin da ta yi masa shi ne ta rage masa yawan baƙin da zai yi takara da su. 'Yan gida kuwa suna nan.

Kawu: To ba an ce 150 ne makin shiga jami'a ba? Ya haura da 54.

Yaya Babba: Wancan ƙasan tukunya ne, Kawu. A taron JAMB na 2025 aka tsayar da 150 a matsayin makin da jami'a ba za ta sauka ƙasa da shi ba. Kowace jami'a tana iya ɗaga nata, kowane kwas kuma da nasa layin. Likitanci Auta ya cike fa.

Gwaggo: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Ƙasar nan sai da hanya. A nemo wanda ya san wani, magana ta ƙare.

Baba Malam: Hajiya, ki bar ni in sa baki, tunda shekara da shekaru ina cike wa ɗalibai fom. Ba zan rantse cewa an daina alfarma ba. Amma tun 2017 da JAMB ta kawo CAPS, tsarinta na ba da gurbin karatu ta intanet, jami'a ce ke tura suna, JAMB ta amince, yaro ya shiga ya karɓa da kansa. Gurbin da aka bayar ta bayan gida, ranar tafiya bautar ƙasa ake gane kurensa, lokacin da aka nemi sunan yaro a rajistar JAMB aka rasa. Likitanci kuma yana da wani takunkumin daban: hukumar kula da aikin likitanci ta ƙasa, MDCN, ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwa. KASU da asibitin Barau Dikko take aiki. Ko shugaban jami'a yana sonka, ba zai haifi kujerar da babu ita ba.

Kawu: Malam, kana so ka ce 204 ba maki ba ne?

Baba Malam: Maki ne mai kyau. A sakamakon farko na 2025, cikin yara sama da miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Auta ya wuce mafi yawan tsararsa. Matsalar ita ce 'yan tsirarun da suka ci 260, 280, 300, yawancinsu layin likitanci da lauya da injiniya suke bi. Da Bayoloji ko Kemistiri ya cike, da ni ma na ce ku fara ɗinka masa kaya.

Maman Auta: Baba Malam, akwai abin da ban faɗa ba. Fiziks ɗinsa na WAEC D7 ne, bai kai kiredit ba. NECO muke jira.

Baba Malam: To wannan ta fi makin JAMB ɗin tayar mini da hankali. Ana buƙatar kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Makarantun likitanci da yawa ba sa karɓar haɗin sakamako biyu, zama ɗaya suke so. Idan NECO ta fito da biyar ɗin cif, a ɗora ta a CAPS nan take. Yara da yawa sun zauna gida don kawai ba su ɗora ba.

Yaya Babba: Shawarata ya canza kwas tun ƙofa tana buɗe, ya rubuta Post-UTME ɗinsa, jarrabawar tantancewa ta jami'a, da kyau.

Gwaggo: Ya karanta abin da ba ya so don kawai a ce yana jami'a? Shekararsa 17. Ya zauna ya sake JAMB baɗi, me aka rasa?

Yaya Babba: An rasa shekara, Gwaggo, kuma makin bana ba ya bin mutum zuwa baɗi. Wa ya ba mu tabbacin 280? Ya shiga ciki, in ya ga zai iya, ya sake rubutawa yana aji ɗaya.

Baba Malam: Wannan kam riƙon zomo biyu ne, ba kowane yaro ke iyawa ba. Ni da IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, zan kai shi Zariya, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, duk da can ma likitancin sai da maki mai tsauri.

Kawu: Na ji ku duka. Amma har yanzu ina kan bakana cewa jami'ar da ake biya da kuɗin jiharmu ba za ta bar ɗanmu a waje ba.

Yaya Babba: Jami'ar ba za ta bar shi ba, Kawu, tsangayar likitanci ce za ta bar shi.

Maman Auta: Kuna ta yanke hukunci ba wanda ya tambayi mai abin. Bari in sa shi cikin zauren nan, ya dawo daga masallaci.